Ɗigon Ja a Shafi na Sha Ɗaya

A sashensu ba mai kiran sa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Jan Biro ake ce masa, tun daga ɗalibai 'yan aji ɗaya har mai share ofisoshi, kuma shi ma in an kira sai ya waiwaya. Ƙaramin malami ne a jami'a, a sashen nazarin ruwa da ƙasa. Shekara tara yana kan mataki ɗaya kamar an kafe shi da ƙusa, don bai gama digiri na uku ba, kuma ba a hawa sai da shi.

Ba daƙiƙi ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Ubansa mai buga wa mutane wasiƙu ne da tafireta a bakin kotu, irin mutumin da in harafi ɗaya ya kuskure sai ya zare takardar ya sake daga farko. A gidan nan ya koyi karatu da ido biyu, ɗaya yana bin magana, ɗaya yana farautar kuskure. Da ya zama malami sai wannan ido ya zame masa alheri, ya kuma zame masa kaya. Duk mai takardar bincike a sashen, babba da ƙarami, sai ya ajiye masa a tebur ya ce, "Malam, ɗan leƙa mini." Ga aji ɗaya mai ɗalibai ɗari huɗu, ga jadawalin jarrabawa, ga rubuta bayanin taro, duk nasa ne saboda shi ne ba ya kuskure. Sunansa ya shiga shafin godiya na takardu sun fi talatin. A saman takarda kuwa, inda ake rubuta masu ita, sau biyu kacal ya fito. Nasa binciken yana cikin kwali a saman kabad, gizo-gizo ya yi masa rufi.

Yana da yadda yake karatu, kuma duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san shi. Biro a buɗe, bakinsa yana bin layi. In ya ga abin da bai kwanta masa ba sai ya dasa bakin biron a wurin, ya bar ɗigo. In ya tabbata sai ya kewaye wurin, sannan ya rubuta magana a gefe. Ɗigo, da'ira, magana. Ɗalibai har waƙa suka yi da shi a bayan idonsa.

Ofishinsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Shekara bakwai yana ciki shi kaɗai, kuma da hannunsa ya ja teburinsa daga jikin tagar zuwa bayan ƙofa, wai rana tana ƙona masa takardu. Sai aka ɗauki sabon malami aka ce su zauna tare. Aka shigo da tebur na biyu, aka rasa inda za a sa shi sai jikin tagar. Tun ranar aka fara ce wa sabon Ɗan Taga, kuma tun ranar Jan Biro ya gano cewa duk duniya ba abin da yake so irin zama a jikin taga.

Abin haushin, Ɗan Taga ɗalibinsa ne. Shi ya koyar da shi a aji ɗaya, shekarar da ya fara aiki. Yana tuna shi sarai, siririn yaro a layin baya wanda bai san inda ake sa waƙafi ba. Yanzu ga shi ya dawo da digiri na biyu, da jakar kwamfuta a kafaɗa, da dariyar da ake ji tun daga matakala. Ɗalibai sukan ƙwanƙwasa ƙofa, su ga Jan Biro zaune, su gaishe shi, sannan su ce, "Malam bai shigo ba?" Kamar shi kujera ce. Farfesa kuwa, dattijon da ya kafa sashen, wanda Jan Biro ya yi shekara tara yana ɗaukar masa jaka bai taɓa ganin haƙoransa ba, sai ga shi a baranda yana ƙyaƙyata dariya da hannunsa a kafaɗar yaron.

Da Ɗan Taga mai girman kai ne da abin ya zo da sauƙi, da an sami abin riƙewa. Ina! Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Yaya, ina kwana, yaya yara?" Sai ya fito da filas ɗin shayi da kofi biyu, ya fara zuba na Jan Biro. Shi kuma ya karɓa ya sha, shayin ya yi daɗi, daɗin ya ƙara ɓata masa rai.

Matarsa, malamar asibiti ce mai magana ɗaya, ita ta fara kiran abin da sunansa. Wata rana da yamma yana cire takalmi yana ba ta labarin yadda Ɗan Taga ya sayi sabon labule ya rataya a tagar ba tare da shawara ba, sai ta ajiye kayan makarantar yara da take ninkewa ta dube shi.

"Malam, ka san na fi sanin labarin yaron nan a kan na 'ya'yan da na haifa? Jiya takalminsa, shekaranjiya agogonsa, yau labule."

"Gajiya ce ke sa ni surutu."

"Ba gajiya ba ce. Ƙyashi ne. Mu a wurinmu in ba a faɗi sunan ciwo ba, ba a ba da magani."

Ya ce ta cika fassara, ya tashi ya ba ta wuri. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ya san gaskiya ta faɗa.

Ana nan sai takarda ta fito: an ba sashen gurbi ɗaya na hutun karatu, shekara uku da albashi, mutum ya ajiye aji da jadawali ya je ya gama digirinsa. Gurbi ɗaya, masu nema biyu, kuma tebur biyun nan na ɗaki ɗaya ne. Ga Jan Biro wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya haura arba'in. In wannan ya wuce shi, ba wanda ya san shekarar da wani zai sake fitowa, kuma kwalin nan na saman kabad zai tsufa tare da shi.

Ƙa'idar sashen ita ce kowane mai nema ya tsaya gaban malamai ranar Laraba ya gabatar da aikinsa, a yi masa tambayoyi, sannan kwamitin da Farfesa ke shugabanta ya yanke. Jan Biro ya fara. Ya sauko da kwalin, ya kaɗe ƙura, ya yi bayani na minti arba'in wanda ba a sami ko tsinke a ciki ba. Ba a kuma sami abin tashi daga gyangyaɗi ba. Mutum biyu suka yi tambaya don kunya, aka tafa hannu sama-sama, aka watse.

Na Ɗan Taga kuwa tun kafin Larabarsa ta zo ake maganarsa a baranda. Ya auna ruwan rijiyoyi na unguwanni goma sha biyu, rani da damina, ya gano wai ruwan ya fi tsabta da damina. Wannan ya saɓa wa abin da kowa ya sani, don da damina ne ruwan sama ke kwaso ƙazanta ya zuba a rijiya. Saɓawar ce ma ta sa kowa ke zumuɗi. Har wani babban malami ya ce wannan in ya fita, za a san da sashen.

Ranar Litinin da hantsi Ɗan Taga ya ajiye takardar a teburin Jan Biro da hannu biyu.

"Yaya, na san ni da kai muke neman abu ɗaya. In ka ga bai dace ba, wallahi ba komai. Amma ban iya tsayawa gaban Farfesa da abin da idonka bai bi ta kai ba."

"Haba, mene ne a ciki," in ji Jan Biro. "Bar shi nan."

Yaron ya ɗauki jakarsa ya tafi aji. Jan Biro ya buɗe biro.

Shafi goma na farko sun tafi lafiya, abin takaici. Rubutun yana da daɗi, ya fi nasa daɗi, sai 'yan waƙafi da har yanzu yaron bai koya ba. A shafi na sha ɗaya aka zo jadawalin da duk aikin ya hau kansa: layi biyu na lambobi, ɗaya an rubuta rani a kansa, ɗaya damina. Jan Biro ya yi abin da ba mai yi sai shi. Ya juya can ƙarshen takardar, inda aka liƙa hoton littafin ɗakin gwaji mai rubutun hannu, ya fara bin ranakun da aka ɗebo ruwan ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da ke ƙarƙashin damina, a tsakiyar rani aka ɗebo su. Na ƙarƙashin rani kuwa, lokacin da ake tafka ruwa. Wurin kwafewa zuwa kwamfuta yaron ya musanya kawunan layukan, ya ɗora wata shida na aiki a kan haka. Ba wani sabon abu da ya gano. Rijiyoyin suna nan yadda kowa ya san su.

Ya koma shafi na sha ɗaya ya dasa bakin biro a gefen kalmar damina.

Abin da ya fara ji, in za a faɗi gaskiya, daɗi ne. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙeya har ƙafa, irin wanda bai ji ba shekara biyu. Bayan daɗin sai lissafi ya biyo. In ya kewaye wurin, yaron yana da kwana biyu, zai gyara, ya tsaya ranar Laraba da ƙaramin sakamako amma da wannan bakin nasa mai zaƙi, kuma zai iya tafiya da gurbin. In bai kewaye ba, ai ba ƙarya ya yi ba. Shi ya musanya layukan? Shi ya ce a ba shi takardar? Shekara tara yana gyara wa mutane hanya suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Sau ɗaya dai, sau ɗaya tak, ido ya huta mana.

Fanka tana ta ƙara, labulen nan sabo yana kaɗawa. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Da ya ɗaga hannu sai ya ga tawada ta tsiyaya ta yi ɗigo babba kamar ƙwayar wake. Bai kewaye ba, bai rubuta komai ba. Ya juya shafi ya ci gaba da farautar waƙafi, ya gyara guda arba'in da uku, kowanne da da'irarsa da maganarsa a gefe.

Da Ɗan Taga ya dawo ya miƙa masa ba tare da ya ɗago ba. "Waƙafi ne kawai. Aiki ya yi kyau."

Yaron ya riƙe takardar a ƙirji kamar an ba shi kyautar gida.

Ranar Laraba ɗakin taro ya cika, har da malaman wasu sassa a tsaye jikin bango. Jan Biro ya zauna a inda ya saba, kusa da ƙofa, da littafin rubuta bayanin taro a cinya. Ɗan Taga ya tashi, ya gaida Farfesa, ya gaida manya, sannan ya ce kafin ya fara yana da godiya.

"Yayana kuma malamina, duk da shi ma yana neman wannan gurbi, ya zauna ya karanta mini aikin nan layi-layi. In kun ga abu mai kyau a ciki, da hannunsa."

Kawuna suka juyo, ana murmushi, wata malama ta ce, "Allah sarki." Jan Biro ya sunkuyar da kai kan littafin taro. Duk lissafin da ya yi ranar Litinin, wannan bai shigo ciki ba.

Yaron ya yi bayani kamar ruwa, aka tafa masa tafi na gaske. Farfesa bai tafa ba. Ya tura tabarau kan hanci, ya lashi yatsa, ya juya can ƙarshen takardar. Mutumin da ya yi shekara talatin yana leƙa rijiya ba a gaya masa abin da damina ke yi mata.

"Ɗana," ya ce a hankali, "karanta mana ranar da ka ɗebo ruwan farko da ke ƙarƙashin damina."

Ɗan Taga ya karanta. Ya tsaya. Ya sake karantawa, muryarsa ta ragu. Kowa ya ga lokacin da abin ya faɗo masa, don jakar hannunsa ma sai da ta zame daga kan kujera. Farfesa bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya yi minti biyar yana bayanin bambancin mai bincike da mai gaggawa. Jan Biro yana rubutawa a littafin taro, yana jiran daɗin nan na ranar Litinin ya dawo. Bai dawo ba.

Sai Farfesa ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Malam, an ce ka karanta layi-layi. Kai ma wannan ya wuce ka?"

To, ga inda aka zo. In ya ce ya wuce shi, ya zubar da abu ɗaya da ya mallaka a sashen nan, idon da ba ya kuskure, kuma a gaban kwamitin da zai yanke. In ya ce ya gani, sai a tambaye shi me ya hana shi faɗa.

Ɗan Taga yana tsaye yana juya kwafin da aka gyara masa. Ya kai shafi na sha ɗaya ya tsaya. Ya dubi shafin, ya ɗago ya dubi Jan Biro, duba ɗaya, ba mai tsawo ba. Sannan ya taka ya ajiye takardar gaban Farfesa.

"Allah ya gafarta Malam, bai wuce shi ba. Ga alamarsa nan daidai wurin. Ni ne na bi waƙafi na gyara, ban koma na tambaye shi wannan ba."

Farfesa ya ɗaga shafin sama wajen haske. Jan ɗigon ya huda har shafi uku. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai da na yi mamaki." Aka saki numfashi, aka rufe taro, mutane suka fita suna dafa kafaɗar Jan Biro suna cewa ido dai sai Malam.

Bayan mako guda takardar ta zo. Jan Biro aka ba. An rubuta cewa kwamiti ya yi la'akari da daɗewarsa da kuma tsantseninsa a aiki. A ƙasa akwai fom da zai sa wa hannu ya mayar kafin a tashi, da gargaɗi cewa da shuɗi ko baƙin biro kawai. Ya kira matarsa ya gaya mata, ta yi guɗa a waya, sannan ta ce, "Me ya sami muryarka?" Ya ce layi ne ba kyau.

Ɗan Taga yana jikin tagarsa yana sake jera lambobinsa daga farko. Duk makon nan bai fasa gaisuwa ba, bai fasa rusunawa ba. Filas ɗin ma yana zuwa, amma da kofi ɗaya.

Jan Biro ya ajiye fom ɗin ya juyo wajensa.

"Ranar nan, abin da ka gaya wa Farfesa..."

"Na sani, Yaya." Bai juyo ba. "Shekara guda na yi a ajinka. Ɗigo, da'ira, magana. Ban taɓa ganin ɗigonka ya fita shi kaɗai ba. Kuma wannan ba tsayawar minti ɗaya ba ce, shafi uku ya ci."

"To don me ka rufa mini?"

Yanzu ya juyo. Idonsa ya yi ja, kuma ba fuskar waliyyi ce da shi ba, fuskar wanda aka ɓata wa rai ce.

"Kuskuren nawa ne, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Na riga na faɗi, me zan ƙaru da shi in na jawo ka? Kai ka koya mini riƙe biro. Ka jira shekara tara, ni zan iya jiran uku." Ya haɗa takardunsa ya sa a jaka. "Allah ya sa alheri, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma Yaya, ba zan ƙara kawo maka takardata ba."

Jan Biro ya so ya ji kunya zalla, irin wadda ke wanke mutum. Kunyar ta zo, amma ba ita kaɗai ba. A ƙarƙashinta tsohon ciwon nan yana nan daram, har ya ƙara girma. Ya yi ƙyashin tagar, ya yi ƙyashin dariyar, ya yi ƙyashin hannun Farfesa a kafaɗa, yanzu ga gurbin a hannunsa, yaron ba shi da komai, kuma duk da haka shi ne dai ke kallon yaron daga ƙasa. A tsaye, cikin daƙiƙa biyu, gaban mutum hamsin, yaron ya yi abin da shi ya zauna shi kaɗai da biro a hannu ya kasa.

Ya laluba aljihun gaba, biron da ke ciki ja ne. Ya jawo aljihun tebur, ja guda huɗu da fensir mara baki. Shekara tara a ɗakin nan bai ajiye biron da zai rubuta sunan kansa da shi ba.

Ɗan Taga ya rataya jaka zai tafi aji. Da ya zo wucewa ya zaro shuɗin biro daga aljihunsa, bai miƙa masa a hannu ba, ya ajiye a bakin teburin ya fita ya ja ƙofa.

Jan Biro ya ɗauka ya sa hannu. Biron ma, Allah ya sani, ya fi nasa santsi.